Haƙori Ba Ya Kashe Yaro

Makon jiya na je gaisuwa a wani gida da ke bayan layinmu. Yaro ne ɗan wata goma ya rasu. Muna zaune a zaure, wani dattijo ya juya ya tambayi baffan yaron, "Jinya ya yi?" Ya ce, "Wallahi Baba, haƙori ne ya zo masa da gardama. Kwana huɗu yana zawo, ran na biyar Allah ya karɓi abinsa." Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce Allah ya sa mai ceto ne, aka shafa, aka koma hirar tsadar taki.

Ban ce uffan ba, wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Amma gyaɗa kan nan ya tsaya mini a rai. A zauren akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai wanda ya je Makka ya dawo ba sau ɗaya ba, kuma babu wanda amsar ta yi wa baƙo a kunne. An ce haƙori, magana ta ƙare.

To ni ga abin da na tsaya a kai. Haƙori ba ya kashe yaro. Ba ya sa zawo, ba ya sa amai, ba ya kawo zazzaɓin da jiki zai yi rau kamar wuta, ba ya sa taune-taune, wato jijjiga. Duk yaron da aka ce haƙori ya tafi da shi, wata cuta ce mai suna ta kashe shi, galibi ma mai magani mai araha, manya kuma suna zaune suna jiran haƙori ya huda dasashi. Ya kamata mu daina karɓar wannan amsar, daga bakin kaka ta fito, ko daga bakin mai kemis, ko daga bakin wanda ke sanye da farar riga a asibiti.

Iyakar abin da haƙori ke yi

Yawancin yara suna fara haƙori wajen wata shida, biyun ƙasa na gaba su ke fara lekowa. Wani yakan yi sauri ya fara a wata huɗu, wani sai ya kusa shekara baki fayau, duk kuma lafiya lau ne. Kafin yaro ya cika shekara uku haƙoransa na nono guda 20 sun gama fitowa.

Yana da wahalarsa, ban musa ba. Dasashi na ƙaiƙayi, yawu na dalala har ya jiƙa wuyan riga, duk abin da hannu ya kai sai baki: gefen zani, makullin babur, kan nonon uwa. Yaro zai yi rigima, ya hana mutane barci dare ɗaya ko biyu, ya ɗan ƙi abinci. Jikinsa kan ɗan yi ɗumi. Daga nan aikin haƙori ya tsaya. Idan aka sa ma'aunin zafi ya nuna digiri 38 ko sama da haka, zazzaɓi ne, sai a nemi abin da ya kawo shi. Idan yaro ya yi kashi ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini, zawo ne, ko da haƙora huɗu ne ke fitowa a lokaci guda.

"Ai da idonmu muke gani"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo maka, kuma masu kawo ta ba ƙarya suke yi ba. Uwa za ta ce, duk sanda ɗana zai yi haƙori sai ya yi zawo, na gani a kan na fari, na gani a kan na biyu. Gaskiya ta faɗa. Ta gani. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne sauran abubuwan da ke faruwa da yaron a daidai wannan watannin.

Jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samo daga jinin uwarsa tun yana ciki. Garkuwar nan tana raguwa a hankali, wajen wata shida ta yi ƙasa sosai, tasa ta kansa kuma ba ta gama ƙwari ba. A daidai nan ne ake fara ba shi koko da kunu da ruwan randa, a kofin da aka bari a buɗe ƙuda ya sauka ya tashi. A daidai nan ne yake fara zama, sannan rarrafe, a tsakar gidan da kaji ke yawo, awaki na ɗaure a gefe, ruwan wanke-wanke na gangarawa rariya. Hannun da ya dafa wannan ƙasar shi ne zai shiga baki bayan minti ɗaya, kuma saboda dasashi na ƙaiƙayi, zai shiga sau ɗari a yini.

Idan akwai hannun haƙori a zawon yara, a nan kaɗai yake: ya sa yaro yawan kai abu baki. Amma abin da ya shiga cikin ya ɓata shi ƙwayar cuta ce, kuma ruwan da ke zuba daga jikin yaron zuba yake yi, fitowar haƙori ba za ta mayar da shi ba.

Sannan a duba lissafin. Haƙori 20 cikin kamar shekara biyu. Kusan duk ranar da ka buɗe bakin yaro ɗan wata takwas ko ɗan shekara ɗaya da rabi, za ka samu wani haƙorin ya fito, ko yana fitowa, ko dasashi ya yi fari yana shiri. Ko wace cuta ta kama shi a wannan tsakanin, zazzaɓin cizon sauro ne, ciwon huhu ne, ƙyanda ce, ciwon kunne ne, in aka leƙa bakin za a samu wanda za a ɗora wa laifi. Zakara ma kullum yana cara kafin gari ya waye, ba wanda ya ce shi ke fito da rana.

"Mu da muka haifi goma"

Hujja ta biyu ta fi nauyi, don daga bakin iyayenmu take fitowa. "Ke yaushe aka haife ki? Mu da muka haifi goma, da wane likitan muka raine su?" Wannan magana tana rufe bakin duk wata ƙaramar uwa, musamman mai haihuwar fari da ke zaune gidan surukai.

Ina girmama matan nan. Sun yi goyo babu fanka, babu famfo, babu kuɗin cefane na kirki, sun san kukan yunwa da kukan barci tun kafin yaro ya gama buɗe baki. Amma ka zauna da wadda ta haifi goman, a natse, ka tambaye ta nawa ne suka girma. Za ta lissafa maka da yatsu: wannan ya koma yana rarrafe, wannan ana gab da yaye shi, wannan kwana uku ya yi yana zawo. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tarar ke nan kuma babu mai gaya musu wani abu daban. Sai dai ba za a kafa hujja da waɗanda suka rayu a manta da waɗanda aka binne ba.

Har yanzu ma ba mu fita daga ciki ba. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 187, kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Manyan masu kisan bayan watan farko su ne zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da zawo, ga tamowa tana taya su aiki. Duka ukun da zafin jiki ko ɓacin ciki ko ƙin nono suke farawa, wato daidai abubuwan da muke kira haƙori.

Akwai masu ganin irin wannan magana raina al'ada ce, 'yan boko sun zo su koya wa kakanninsu raino. Su sani Turawan ma haka suka yi imani, kuma sun daɗe a kai. A 1842, a rajistar mace-mace ta birnin Landan, kusan kashi 5 cikin 100 na jariran da suka mutu kafin shekara ɗaya an rubuta cewa haƙori ne ya kashe su. Likitocinsu na lokacin har tsaga dasashin yaro suke yi da wuƙa wai don su buɗe wa haƙori hanya. Suna kuma ba yara wata hodar haƙori mai zaiba a ciki, wadda ta riƙa sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su riƙa saɓulewa, yara na mutuwa. Sai a shekarun 1950 aka cire zaibar daga hodar, cutar kuma ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Kuskuren na 'yan Adam ne baki ɗaya. Su sun bincika sun bar shi, haƙoran 'ya'yansu kuma ba su fasa fitowa ba.

Kwalabar "maganin haƙori"

Ka tsaya gaban kowane kemis bayan magariba, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani magidanci ya ce, "Malam, a ba ni maganin haƙori." Yaron yana gida. Mai kemis bai gan shi ba, bai tambayi watanninsa ba, bai tambayi ko yana shan nono ba. Zai jawo hodar haƙori ko ruwan maganin haƙori, ya haɗa da farasitamol, ya ƙara da Flagyl ko Septrin "saboda cikin", ya ƙulle a leda. Uba ya biya ya tafi da ransa fes, ya sauke nauyi.

Wanda ya kai shekaru zai tuna My Pikin. A ƙarshen 2008 aka fara kawo yara asibitocin koyarwa a Legas da Ibadan da kuma nan Zariya, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Da aka bi diddigi sai aka gano ruwan maganin haƙori ne da wani kamfani a Legas ke yi, an haɗa shi da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a man birki. Zuwa farkon 2009 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 sun mutu. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe kamfanin, a 2013 kuma babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatansa biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. A 2022 irin wannan gubar ta sake kashe yara kusan 70 a Gambiya, a can cikin maganin tari aka same ta.

Ba ina cewa duk kwalabar da ke kan kanta guba ce ba. Abin da ke ci mini rai a labarin My Pikin shi ne, da yawa daga cikin yaran nan an ɗura musu maganin ne don abin da ba ya buƙatar magani. Ƙaiƙayin dasashi, tsabtataccen yatsa ya ishe shi. A wanke hannu da sabulu a murza masa dasashin a hankali, ko a jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan sanyi mai kyau a ba shi ya ciza.

Ɓarnar da ta fi yawa ma ba ta fita a jarida. Yawancin magungunan nan farasitamol ne a ciki, wasu da ɗan abin sa barci. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya sha, jiki ya yi sanyi, ya yi barci, gida ya ce alhamdulillahi haƙori ya lafa. Ƙwayar cutar kuwa tana can tana cin jininsa. Da yamma zafi ya dawo, a sake ba shi. A haka za a ci kwana uku, sai ran da ido ya kafe ko tafin hannu ya yi fari fat sannan a nemi mai adaidaita. Ga kuma haɗa hodar haƙori da ruwan farasitamol a lokaci guda, magani ɗaya ne ake ninka wa yaro ba a sani ba, hanta kuma ba ta ɗaukar wannan.

Shi kuwa Flagyl da Septrin, yawancin zawon ƙananan yara irin ƙwayar cutar da ke kawo shi ba ta jin su ko kaɗan. Babbar cikin ƙwayoyin cutar nan ita ce rota, wadda aka sa rigakafinta cikin na yau da kullum a Najeriya tun watan Agustan 2022, ana ɗiga wa jariri a baki a sati shida da sati goma da sati sha huɗu, kyauta. Abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Maganinsa kuma yana nan a kan kantar kemis ɗin, ya fi duk abin da ke cikin ledar nan araha: ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, a dama shi da tsabtataccen ruwa daidai yadda aka rubuta a jiki, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, in ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Kada a janye nono, a ƙara ma. Amma da yake ORS ba shi da hoton jariri mai dariya a kwali, kuma riba a kansa kaɗan ce, ba shi ake fara miƙowa ba.

"Kai ka san kuɗin asibiti?"

Wannan hujjar ita ce ban da amsa mai sauƙi a kanta, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba.

Mutumin da ke fita da safe bai san abin da za a ci da rana ba, in ka ce masa ya kai yaro asibiti, lissafi yake yi: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kati, gwajin jini, magani a saya a waje don "babu a nan", ga yinin da zai tafi a layi babu aiki. A ƙauye ƙara da nisan hanya, da rafin da ke cika da damina, da ɗakin shan maganin da ma'aikacinsa ke zuwa ran kasuwa kaɗai. A wasu wuraren yanzu har da tsoron hanya bayan la'asar. Sannan a je a tarar da wata ma'aikaciya da za ta daka wa uwa tsawa a gaban mutane, "Sai yanzu kika ga damar kawo shi?" Uwar da aka yi wa haka sau ɗaya, karo na gaba za ta gwammace ta ce haƙori ne.

Duk wannan gaskiya ne, kuma laifin hukuma ne da bai kamata a sassauta mata ba. Amma ina so mu kalli abin da kalmar haƙori ke yi a cikin wannan halin. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ana cewa haƙori ne, uba ya huta da neman rance, uwa ta huta da layi, kaka ta tabbata ta san aikinta, kowa ya samu sauƙi ban da yaron. Da a ce za a faɗi gaskiya, "yaron nan ba shi da lafiya kuma ba mu da kuɗi", da wani maƙwabci ya ji ya taimaka, da ƙanin uba ya turo wani abu ta waya. Mutanenmu ba sa ƙin taimakon jinyar yaro. Haƙori ne ba a tara wa kuɗi, tunda kowa ya san wai da kansa yake wucewa.

Kuma jinkirin shi ne mai tsadar. Zawon da za a tare da ORS a rana ta farko, a rana ta huɗu ƙarin ruwa yake nema da gado. Zazzaɓin da gwajin ɗan yatsa na minti 15 da maganin kwana uku za su gama da shi, in ya daɗe ƙarin jini ake magana, a fita neman mai irin jininsa da tsakar dare. Wanda ya ce ba shi da dubu biyu ran Litinin, shi ne ke sayar da akuyar matarsa ran Juma'a.

Ba kowane ɗumin jiki ba ne za a ruga asibiti, na sani. Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Yaro ya ƙi nono sam ko ya kasa sha, duk abin da ya shiga cikinsa ya dawo, ya yi laushi ba ya ko iya kuka, ya yi taune-taune, a ga jini a kashinsa, idanunsa su zurma, a ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, numfashi ya yi sauri ko a ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, kowane zazzaɓi na asibiti ne. Shi ma ai bai isa haƙorin ba, amma na sha jin an ce wai yana "tsiro daga ciki".

Maɗiga ma haka. In ta faɗa, sai a ce a nemo mai maganin maɗiga, a kwaɓa wani abu a shafe tsakar kan yaro, wani lokacin har a danna masa ganɗa da yatsa. Maɗigar da ta lotsa a yaron da ke zawo alama ce ta ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Abin da za a shafa a kai ba zai kai ciki ba. In aka mayar masa da ruwan, da kanta take tasowa. Haƙori, maɗiga, belu, "ya sha ciki", duk sunaye ne da muke bai wa cutar yaro waɗanda ke kai mu ko'ina ban da inda maganin yake.

Wa ke da ta cewa a gidan?

Duk faɗakarwar da ake yi, mata ake tarawa. A wajen awo mata ne, ranar rigakafi mata ne, shirin rediyo na lafiyar iyali da hantsi ake sa shi lokacin da maza sun fita. Uwar ta ji, ta fahimta, ta dawo gida. To sai me? Kuɗin ba a hannunta yake ba. Fita sai da izini. Ga uwar miji a ɗakin da ke kallon nata, ta riga ta sa yatsa a bakin yaron ta yanke hukunci. Yarinya 'yar shekara sha tara za ta ce wa Hajiya ba haka ba ne? Gobe a ce ta fi ƙarfin gidan.

Sau da yawa uwar ta riga kowa sanin cewa wannan karon daban ne. Ita ke jin zafin jikinsa a bayanta, ita ta san bai jiƙa zani ba tun safe. Tana faɗa a hankali, "Baban Walid, jikin yaron nan fa bai yi mini ba." Amsar da take samu, "Ba Hajiya ta ce haƙori ba ne? Ki ba shi maganin nan zuwa gobe mu gani."

Don haka da maza nake. Kai ne za ka iya yi wa mahaifiyarka magana ba a ce an raina ta ba, kuma ba sai ka ci ta da gardama ba. "Hajiya, ƙila haƙorin ne, amma bari mu je a duba jininsa mu dawo, hankali ya fi kwanciya." Wace uwa ce za ta hana ɗanta wannan? Ka bar wa matarka izini a buɗe: in jikin yaro ya yi zafi ko ya fara zawo, ta tafi, ba sai ta jira ka dawo daga kasuwa ko ta yi ta kiran wayarka a kashe ba. Ka ajiye wani abu a ɗakinta da sunan kuɗin asibiti, ko na mota ne kawai. Ƙullin ORS biyu da zink da ma'aunin zafi su zauna a gidan kamar yadda ashana ke zama. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na datar da muke ƙonawa a kallon bidiyon siyasa ba.

Za a ce ajali in ya zo babu makawa. Haka ne, babu musulmin da ke jayayya da wannan, kuma ba na son ko da wasa wata uwa da ta rasa ɗa ta karanta wannan ta ɗauka ana tuhumarta. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Haƙuri bayan an yi iyakar ƙoƙari daban, zama da yaro yana tsiyayewa kwana huɗu da sunan haƙori daban. Malamanmu da ke wa'azi bayan sallar asuba sun fi kowa iya raba wa mutane waɗannan biyun, kuma su maza ke saurare.

Masu farar riga da masu kemis

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jin kalmar daga bakin waɗanda aka horar. Akwai ma'aikatan lafiya da za a kawo musu yaro da zazzaɓi, su leƙa baki su ce, "Hajiya ai haƙori ne, ba komai," su rubuta farasitamol. Ko gajiya ce, ko layi ya yi tsawo, ko kayan gwaji sun ƙare ba sa son faɗa, ko kuma su ma a gida haka aka raine su. Duk wanda ya yi haka ya rushe aikin shekara guda na faɗakarwa, don uwar za ta koma unguwa ta ce likita ma ya faɗa. In kayan gwaji sun ƙare, a ce sun ƙare, a tura ta inda akwai.

Masu kemis kuwa, mu daina yaudarar kanmu, su ne asibitin farko na yawancin gidajenmu, a birni da ƙauye. Ba za a kore su ba, kuma bai kamata ba, don su ne ke buɗe da ƙarfe goma na dare, su ne ke ba da bashi. Suna da ƙungiya mai rassa har ƙananan hukumomi, suna taro, suna da hukumar da ke ba su lasisi. Ta nan ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su bi. Haka ma matan nan da ke bi gida-gida duk wata da damina suna ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a Najeriya da Nijar. Suna shiga har ɗakin kaka, inda likita ba ya zuwa. Ƙara musu jimla biyu a kan haƙori cikin abin da suke faɗa ba zai ci wa gwamnati ko kwabo ba.

Abin da nake nema a wurin mai kemis bai da yawa. In aka ce masa a ba da maganin haƙori, kafin ya juya ga kanta ya yi tambaya uku: watansa nawa, jikinsa da zafi, sau nawa ya yi zawo yau. In akwai zawo ya miƙa ORS da zink, ya nuna yadda ake damawa. In akwai zafi ya ce a ɗauko yaron a yi gwaji, ko a wuce asibiti yanzu ba gobe ba. In babu ko ɗaya, ya ce wa uban ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya je ya saya wa mai goyon sabulu.